Taswirar da sojoji suka tafi da ita

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muna cin tuwo a ɗan gidan abincin nan na unguwar Dengfeng, sai ɗaya daga cikinku ya dube ni ya ce, "Baba Sale, wallahi da zan sami aiki irin naka da na huta. Ka hau inji ka yanke ciyawa, hukuma ta biya ka." Teburin gaba ɗaya aka yi dariya, har da ni. Ban ba shi amsa a wurin ba, don miya tana hucewa, kuma amsar doguwa ce. To ga ta nan yanzu, gare shi da duk mai irin ganinsa.

Ni mutumin Bichi ne. Karatun aikin gona ne ya kawo ni Guangzhou, tun lokacin da in ka ji Hausa a kan titin Huanshi Lu sai ka tsaya ka waiga. Da na gama, wani ɗan China mai sayar da injinan ban ruwa da na yankan ciyawa ya ɗauke ni tafinta, ya yi mini takardar izinin aiki. Laoban muke ce masa, wato maigida. Aikina in tsaya tsakaninsa da 'yan kasuwarmu da ke ginin Tianxiu. Ashe yana da wata kwangila daban, ta kula da wani tsohon barikin soja a bayan gari, wanda sojoji suka tashi suka bar wa hukumar gunduma. Wata shekara ciniki ya yi sanyi, sai ya ce in je can in riƙa gwada sababbin injina kafin a loda su. Mako biyu ya ce zan yi. Bana shekarata goma sha tara a wurin.

Bari in gaya muku yadda filin yake. Daga arewa tudu ne, mai duhuwar gora da bishiyoyin lici, wani ɗan itace na ƙasar nan. A gindin tudun akwai tsohon filin fareti, inda yanzu ake buga ƙwallo. Akwai tsofaffin sito huɗu da aka rufe, da tafki, da hanyar da dattawa ke zagayawa da safe. Daga kudu, bayan katanga, ƙasa ta gangara, kuma a cikin kwarin nan akwai unguwar ma'aikata, gidajen haya sun matsu da juna, ga makarantar ƙananan yara. Duk ruwan da ya sauka a kan tudun, can ya nufa. Sojoji sun san haka, shi ya sa suka haƙa magudanai a ƙarƙashin ƙasa, suka gina su da dutse da siminti, suka karkatar da ruwan zuwa wani rafi ta gabas. Da za su tashi sun bar gine-gine, sun bar bishiyoyi, amma taswirar magudanan takardar soja ce, da ita suka tafi. Gunduma ta karɓi fili ba ta san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Mutum ɗaya ne ya sani, shi ne Shifu Liang. Shifu kalmarsu ce ta girmama wanda ya koya maka sana'a. Tsohon soja ne, yana saurayi aka kawo shi barikin, kuma da hannunsa aka haƙa rabin magudanan nan. Da aka sallame shi bai yi nisa ba, laoban ya sa shi shugaban ma'aikatan fili, mu goma sha biyu. Gajere ne, ba ya son magana, kullum da gorar shayi rataye a ƙugu.

Ranar farko na zo da injina sabo fil, ina ɗoki in nuna gwaninta. Shifu ya dubi injin, ya dube ni, ya ce in ajiye. Ya miƙo mini rodi, tsawonsa ya kai ƙirjina, an lanƙwasa kansa don riƙo, an fiƙe bakinsa. Ya ce in bi shi. Ya caka nasa a ƙasa, ya danna, ya zare. Ya yi taku uku ya sake cakawa. A wannan karon rodin ya tsaya, ya yi wata ƙara kamar an ƙwanƙwasa tulu. Ya ce, "Ka ji? Wannan murfin magudana ne. Dutse ba haka yake amsawa ba. Saiwa ma ba haka take ba." Wata uku na yi ina bin bayansa ina cakar ƙasa. In na ce na samu, sai ya caka ya girgiza kai ya ce, "Meiyou," babu. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. A ƙarshen wata na uku na tsaya a bayan sito na biyu na ce ga murfi nan. Ya caka, bai ce komai ba, ya wuce. Wani abokin aikinmu ya ce mini, "Ka ci. In ya yi shiru, ka ci ke nan."

Yankan ciyawar ma da kuke raina wa, da shi na fara yin ɓarna. An ba ni gangaren tudu in gyara. Na sauke wuƙar injin ƙasa sosai, na aske shi tas, ya yi kyau kamar filin wasa a talabijin. Da yamma Shifu ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya tafi. Kwana biyar tsakani aka yi ruwa. Ƙasar gangaren, da babu ciyawar da za ta riƙe ta, ta zubo gaba ɗaya ta cika bakin magudanar da ke gindin tudu. Bai yi mini faɗa ba. Shebur ya ba ni da bokiti biyu, ya hana kowa ya taya ni. Kwana huɗu na yi ina kwasar laka. Tun daga ranar na san ciyawar fili daban, ciyawar gangare daban: ta gangare ba a yanke ta ƙasa da tafin hannu a tsaye, kuma ba a taɓa ta in damina ta ƙarato.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma masu tsadar ba su ne masu muhimmanci ba. Akwai rodi. Akwai shebur mai dogon ƙota don zaro laka daga inda mutum ba zai shiga ba. Akwai ƙugiyar ɗaga murfi, da baro, da adda, da zarton hannu, da tocila, da dogayen takalman roba. Sai gudumar katako, wadda da ita ake tambayar bishiya lafiyarta. Kusa da ƙofar shiga akwai wata babbar bishiya irin ceɗiyar nan tasu mai saiwoyi a rataye. A ƙarƙashinta dattawa ke rataye kejin tsuntsayensu suna hira. Ganyenta shar, ba wanda zai ce tana da ciwo. Wata safiya na buga gudumar a gindin babban reshenta, sai na ji ta amsa kamar ganga. Gara ta cinye cikin. Na kira Shifu, ya buga sau ɗaya ya ce a kawo zarto. Dattawan nan suka taso mana. Wani mai sanda ya ce shekara ashirin yana zama a inuwar reshen nan, baƙo daga Afirka ba zai zo ya sare masa ita ba. Shifu ya miƙa masa gudumar ya ce ya buga da kansa. Ya buga, ya sake bugawa, ya sauke kejinsa ya matsa. Da reshen ya faɗo ya dare biyu, cikinsa gari ne kawai. Dattijon bai ba ni haƙuri ba, amma washegari ya kawo mini lemo guda biyu.

Akwai kuma dokar da ba a wasa da ita a tsohon bariki. In rodinka ya taɓa ƙarfe a inda ba ka san da bututu ba, ba ka sake dannawa. Ka zare a hankali, ka kafa jan ƙyalle, ka janye mutane, ka kira hukuma. Sau shida hakan ta faru da ni. Sau biyar tarkace ne, tsohuwar tukunya, ƙafar gado, murfin tanki. Na shidan akwatin harsasai ne da ya yi tsatsa, taku goma daga inda mata ke rawar motsa jiki. Aka rufe filin kwana uku. Ni kuma, da yake baƙo ne, na wuni a ofis ana tambayata yadda aka yi na san wurin. Na ce ban sani ba, rodi ne ya sani. Suka ba ni shayi suka sallame ni.

Masu sana'a suna cewa suna da abokan ciniki. Mu namu ba sa biyan ko sisi a ƙofa, amma sun fi kowane mai saye tsanani, domin kowa yana ganin filin nasa ne, kuma gaskiyarsa. Masu rawa suna son wuri a share. Masu kamun kifi ba sa son a taɓa ciyawar bakin tafki. Tsofaffin mata suna zuwa su dasa albasa da kabeji a jikin katanga, doka ta hana, mu kuma mukan kau da kai muddin ba a kan magudana suka dasa ba. Samarinmu na Afirka suna zuwa ƙwallo ranar Lahadi.

Mafi wuyar su duka namu ne. Akwai wani Alhaji Bawa, mutumin zangon Kumasi, mai tura kaya gida, ofishinsa a Tianxiu. Mutumin kirki ne, na sha cin abincinsa. Wata rana ya zo har fili ya same ni ina gyaran baro. Ya ce sitonsa ya cika, jirgi ya yi jinkiri, yana da kwantena biyu da ba shi da inda zai ajiye.

"Malam Sale, kwana uku kawai. Ga fili nan fetal, ba kowa. Kai ke riƙe da makullin ƙofar baya."

Na ce, "Alhaji, filin nan ba nawa ba ne, na jama'a ne. Kuma ko nawa ne ba zan bari tirela ta hau shi ba. Ƙarƙashinsa rami ne."

Ya ce, "Wane irin rami? Sojoji sun yi fareti a nan!"

Na ce, "Da ƙafa suka yi, Alhaji."

Ya ce ashe zama da 'yan China ya sa na manta 'yan'uwantaka. Ya yi wata biyu ba ya amsa mini sallama da kyau. Daga baya muka shirya a wajen wani suna, ba wanda ya tayar da maganar.

Yanzu bari in zo kan "hukuma ta biya ka." Kuɗin kula da filin daga gunduma yake fitowa, shekara-shekara. Ana zama a duba bukatu: ga hanya, ga asibiti, ga makaranta, ga tsohon bariki. Kowa da hujjarsa, kuma ban taɓa jin wanda ya zo da hujjar banza ba. Sau biyu a shekara ana turo masu duba aiki, su zagaya da takarda su ba da maki. Abin da ido ya gani shi suke rubutawa: ciyawa, furanni, kwandon shara, fentin benci. Ba laifinsu ba ne, abin da ke cikin takardarsu ke nan. Mai kula da fayil ɗinmu a ofis wata mata ce, Madam Zhou, mai tsare gida amma ba ta da ƙeta.

Shekarar da ba zan manta ba, abubuwa biyu suka haɗu. Lokacin sanyi Shifu ya faɗi a bakin tafki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, 'yarsa ta zo ta tafi da shi ƙauyensu. Laoban ya ce ni zan riƙe ma'aikata. Ba a yi wata ba takarda ta zo cewa an rage kuɗin filin, ragi mai yawa. Mu goma sha ɗaya da muka rage aka mayar da mu biyar. Man inji aka rage, maganin ƙwari aka ce babu.

Mutum biyar ba za su iya yankan ciyawa da yasar magudana a lokaci guda ba, ga damina saura wata biyu. Laoban ya ce, "Sale, masu duba aiki ciyawa suke gani. Ka gyara sama, ƙasa ta jira baɗi." Na fito waje. Na kira wayar 'yar Shifu, ta kara masa a kunne. Na yi masa bayani. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da ya maimaita sau uku na gane. Cewa yake, "Babbar ta kudu. Ka shiga ka gani."

Na shiga. Babbar magudanar kudu mutum yana iya tafiya a cikinta a sunkuye. Taku arba'in na yi tocilata ta haska bango na laka da saiwoyi da robobi, ya kusa taɓa rufin. Ɗan ramin da ya rage wa ruwa bai fi faɗin faranti ba. Na fito na tara mutanena huɗu na ce mu kulle injinan yanka a sito. Na koma na gaya wa laoban abin da na yanke. Ya ce in aka ƙwace kwangilar ni na jawo. Na ce na ji.

Mako bakwai muka yi a ƙarƙashin ƙasa. Biyu a ciki suna cika bokiti, ɗaya yana ja da igiya, biyu suna tura baro. Ba a wuce rabin awa a ciki saboda iska, sai a yi canji. Kafin kowa ya shiga sai an buɗe murfi biyu, gaba da baya, an bar su sun sha iska. Mun fito da laka, da tayar babur, da katifa guda, da saiwar da sai da muka yi kwana biyu muna yanka ta da zarto a kwance.

A sama kuwa ciyawa ta kai gwiwa. Aka fara ganin macizai a hanyar dattawa. Masu rawa suka kai ƙara. Samarin ƙwallo suka zo da addunansu suka sassabe wa kansu rabin fili. Sannan abin da ban hango ba ya faru. Akwai wasu jajayen tururuwa a ƙasar nan masu mugun harbi, waɗanda kowace shekara muke bin gidajensu da magani. A shekarar ba mu bi ba, kuma ciyawa ta rufe gidajen. Wata tsohuwa, cikin masu dasa albasa, ta zo da jikarta 'yar shekara huɗu. Yarinyar ta zauna a kan gidan tururuwar. Kafin a ɗauke ta sun rufe mata ƙafafu, jikinta ya kumbura, numfashinta ya fara sarƙewa. Kwananta biyu a asibiti. Allah ya sa ta tashi.

Kakar ta zo ta same ni na fito daga rami, laka har wuya. Ta tsaya a gabana ta yi ta faɗa, mutane suka taru. Ta ce shekara nawa tana gaishe ni, ashe ni malalaci ne, na bar fili ya zama daji ina wasa da taɓo. Ban ce mata an rage kuɗi ba, don ba shi ta zo ji ba. Kuma akwai gaskiya a maganarta. Ko babu magani, da na ware mutum ɗaya rana ɗaya ya zagaya ya kafa ƙyalle a kan kowane gidan tururuwa, da hakan bai faru ba. Hankalina ya tafi ƙasa gaba ɗaya, na manta da mutanen da ke tafiya a sama. Washegari na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Gida talatin da ɗaya muka samu.

Masu duba aiki suka zo a mako na shida, suka ba mu maki mafi ƙanƙanta da filin ya taɓa samu. Damina ta sauka da ƙarfi, aka yi kwana tara ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kullum da safe ina zuwa bakin rafin gabas in tsaya. Ruwa na fitowa daga magudanar cike da bakinta, ja wur, yana wucewa. Unguwar kwari ba ta jiƙe ba, yara suna ta zuwa makaranta da lema. Kuma ba wanda ya san an yi wani abu, tunda babu abin da ya faru. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar fahimta a sana'ar nan. In ka yi aikinka daidai, babu abin nunawa.

Bayan damina laoban ya kira ni ofis. Ya ce gunduma ta yanke shawarar rufe filin, a sa kwaɗo a ƙofa, tunda ga maki ga ƙarar jama'a, kuma babu kuɗin gyara. Kwangila ta ƙare ke nan. Takardar izinin aikina kuwa a jikin kamfaninsa take, kuma ya ce ba shi da gurbin tafinta yanzu. Na ce ya ba ni mako ɗaya.

Na je wajen Madam Zhou. Na ce ban zo roƙon maki ba, awa ɗaya nake roƙo ta zo ta ga wani abu. Ta ce ta ga hotuna. Na ce abin da nake nufi ba ya cikin hoto. Ranar Laraba ta zo, da takalmin ofis. Na ba ta takalman roba da hular kwano da tocila. Ta dubi ramin ta dube ni, ta ce, "A nan?" Na ce a nan. Ta shiga. Na nuna mata layin da tsohuwar laka ta bari a jikin bango, kusa da rufi. Na nuna mata layin da ruwan bana ya kai. Muka fito na kai ta bayan sito na huɗu, inda muka tara abin da muka kwaso, tsibi ya fi tsawonta. Daga nan na kai ta jikin katangar kudu na ce ta leƙa. Rufin makarantar yara yana ƙasa da ƙafafunmu.

Ta leƙa. Sannan ta ce, "In aka rufe ƙofa, wa zai yashe wannan?"

Na ce, "Ba kowa."

Ta ce, "Guda nawa ne irinsa?"

Na ce waɗanda na sani goma sha huɗu.

"Ina taswirar?"

Na ce babu. Rabi tana cikin kan wani tsoho a ƙauye, rabi tana ƙafata.

Ta cire hular ta miƙo mini. Ta ce, "Ba zan iya shiga zama in nemi kuɗin abin da ba ya kan takarda ba. A wurinsu filin nan ciyawa ne da benci. Ka kawo mini shi a zane, kowane layi, kowane murfi, kafin zaman ƙarshen shekara. Ban yi maka alkawarin komai ba."

Na sayi babbar takarda da fensira masu launi, na hau mota awa biyar zuwa ƙauyen Shifu. Na same shi a kujera a ƙofar ɗaki, ya rame, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. 'Yarsa ta share teburin cin abinci muka shimfiɗa takardar. Na zana katanga, da tudu, da tafki, da sito huɗu. Na fara jan layukan da na sani. In na yi daidai ya yi shiru. In na kauce sai ya buga teburin da hannun hagu, ya kama yatsana ya ja shi zuwa inda ya dace. Kwana uku muka yi. 'Yar tana dafa mini kifi da ganye a tukunya daban, don ta san abin da ba na ci.

A rana ta uku, na ɗauka mun gama, sai ya karɓi fensirin da hagunsa. Ya ja wani layi a karkace, daga gindin tudu ta yamma, ya bi ta bayan tafki, ya haɗe da babbar ta kudu. Na ce, "Shifu, babu magudana a nan. Na caki wurin nan ya fi sau ɗari." Ya buga teburin. Ya nuna ƙirjinsa, ya yi alamar haƙa. 'Yar ta sunkuya ta saurare shi, ta ce, "Wai shi ya haƙa ta, shekararsa ta farko. Wai tana da zurfi, an ƙara ƙasa a kanta daga baya."

Na dawo na bi kowane layi da rodi ina aunawa da igiya. Goma sha huɗun duka suka fito daidai. Ta goma sha biyar ban same ta ba. Na sa aka ƙera mini rodi mai tsawon mutum biyu, na yi kwana huɗu a bayan tafki, babu. Sai na zana ta da ɗigo-ɗigo, na rubuta a gefe cewa wanda ya haƙa ta ya ce tana nan, ba a tabbatar ba. Madam Zhou ta ce in goge, kada ta raunana sauran. Na ce ta yi haƙuri, in an goge ta to a cire sunana daga takardar. Ta dube ni, ta naɗe takardar yadda take.

An rufe filin duk da haka, wata huɗu. A watannin nan Alhaji Bawa ne ya riƙa kawo wa laoban masu sayen injin ban ruwa, ya ce sai dai in ni zan yi musu tafinta, da haka takardata ta tsira. Da sabuwar shekara aka buɗe ƙofa. Kuɗin bai koma yadda yake ba, har yau bai koma ba. Mu takwas ne yanzu, uku daga cikin waɗanda aka sallama sun riga sun kama wani aiki. Amma a takardar kasafin an ƙara layi guda da babu shi a da, na yasar magudanai, kuma masu duba aiki yanzu sai sun sa an ɗaga musu murfi biyu sun leƙa kafin su ba da maki. Kakar yarinyar nan ta dawo da dashen albasarta. Ina gaishe ta kullum. Ba ta amsawa, kuma ban ga laifinta ba.

Shifu ya rasu a bazarar da ta biyo baya. Ban samu na gaya masa an buɗe filin da bakina ba, 'yarsa ce ta gaya masa, ta ce ya yi shiru.

Layin nan na ɗigo-ɗigo yana nan a taswirar da ke rataye a ofishin gunduma. Shifu bai taɓa gaya mini akwai murfi a wuri na tarar babu ba, don haka ban ɗauka ya fara a kan wannan ba. In tana nan, shekara da shekaru ba a yashe ta ba, kuma wata rana za ta nuna kanta ta hanyar da ba ma so. Duk shekara in ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi taushi ba ta riga ta bushe ba, nakan ware kwana biyu in je bayan tafki da dogon rodin. Na raba wurin gida-gida a wata 'yar takarda, ina soke wanda na gama. Saura gida tara. Gwiwoyina sun fara ba ni labari, ina jin uku zan iya a shekara. In Allah ya kai mu, bana ta gindin gora zan fara.